Ranar da Na Hau da Liman Bene Neman Netwok

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan ƙanena Awudu ba. Ko ni na manta, mutanen layinmu a Zongo ba za su manta ba.

Ni fita ne, wato makanike, shekara ashirin da bakwai ina kwance ƙarƙashin motocin mutane a Suame. Boko ban yi nisa ba. Waya kuwa na iya kira, na iya ɗauka, na kuma san sandunan nan na saman fuskarta: in sun cika netwok na da kyau, in sun ragu a matsa gaba. Iyakar ilimina ke nan, amma lokacin gani nake babu sauran abin koyo.

Awudu yana Katar, aikin gini yake yi. Shekara tara da aure, sai bayan hutun da ya zo bara Allah ya ba matarsa ciki, ta haifi namiji. Ya ce ba zai gaya wa kowa sunan ba. Ranar suna zai faɗa wa liman da bakinsa ta bidiyo, a yi addu'a yana kallo. Hutun minti ashirin kawai suke samu a wajen aiki, daidai ƙarfe shida da rabi na safe a nan.

Ya ce, "Yaya, ka ba Hajara ta riƙe wayar." Hajara matata ce, tana sayar da shinkafa da wake a Sofoline, wuni take tana latse-latse.

Na ce, "Ina raye? Bar mini abina."

Ana gobe suna na zagaya gidan da wayar a sama ina dubawa. Sim biyu ne a ciki. Ɗaya sanda huɗu cif, ɗayan biyu, wani lokaci ma ɗaya. To mu a gareji, in fulogi ɗaya ya raunana, shi ke ja wa injin duka baya, cire shi ake yi. Sai na zare mai raunin, na naɗe a takarda, na jefa aljihu. (Har yaba wa kaina na yi, Allah ya gani.)

Da safe an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ga goro, ga rago a ɗaure, ga mahauci da wuƙarsa. Liman Malam Tanko ya zauna, tsoho ne mai ciwon gwiwa, sai an kama shi yake tashi. Shida da rabi na danna kira. Shiru. Na duba, sanda huɗu. Na sake dannawa. Shiru.

Na ce, "Malam, kwanon rufin nan ne ke tarewa. Mu ɗan fita ƙofar gida."

Aka kama tsoho, aka naɗe tabarmi, aka sake shimfiɗawa a waje. Ba ta shiga ba. Na ce mu matsa bakin titi. Muka matsa, manyan mutane da manyan riguna a tsaye gefen gwata suna kallon hannuna.

Mahauci ya ce, "Masta, ragon nan fa tsufa yake yi."

Ban kula shi ba. Na hango benen maƙwabcinmu, na ce can sama babu abin da zai tare. Liman ya dubi matakalar, ya dube ni, ya ce, "Don albarkacin yaron." Mutum biyu suka tallafe shi, taki ɗaya salati ɗaya. Maame Akosua mai shagon ƙasa ta leƙo, ta kira ni kawu da yarensu, ta ce, "Ei, Wofa, jinjirin wata kuke nema da safen nan?"

Muna saman nan Hajara ta hayo da ludayi a hannu, ta karɓi wayar ba ta ko tambaye ni ba.

"Baban Rabi, ina ɗayan sim ɗin?"

"Na cire. Ba shi da ƙarfi."

"Shi ne mai data. Wannan na kira ne kawai. Ba ka ga babu ko harafi kusa da sandunan ba?"

A gaban liman na sa hannu aljihu, na warware 'yar takardata. Ta mayar da shi, sanda biyu suka fito, nan take waya ta hau ƙara kamar kaza ta yi ƙwai. Bakwai saura biyar. Awudu ya koma aiki. Kira goma sha ɗaya ya yi, sai saƙon murya guda. Hajara ta danna.

"Yaya, na yi ta kira. An buga mana ƙararrawa, zan shiga. A gaya wa Malam, sunanka na sa wa yaron. Kai ka riƙe ni bayan Baba, na so in ga fuskarka in an faɗa. Ba komai."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na tsaya da takarda a hannu kamar wanda aka kama da kazar mutane. Liman yana haki ya ɗaga hannu, a nan saman benen aka raɗa sunan. Ya ce, "Allah ya raya shi, ya yi masa albarka." Ya ɗan dakata. "Allah ya sa sunan kaɗai zai gada." Amin ɗin da aka amsa ranar ban taɓa jin mai ƙarfinsa ba.

Shekara tara mutum yana jiran minti ashirin, na cinye masa su da hawan bene. Abin da na koya ba shi da yawa. Sanda huɗu ba ta nufin magana za ta wuce. In abin na da muhimmanci, ka kira mutumin tun jiya ka ji muryarsa. Kuma in wanda ke wata ƙasa ya ce a ba matarka ta riƙe, to daga can ma ya hango ka.