Tsugunon 'Yan Gwanzu

Ba na ƙin Alhaji Sabo, maƙwabcin shagona, Allah ya sani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekarar da soja suka koma bariki ya je Gwanzu ta ƙasar Chana saro kaya sau ɗaya tak, ya dawo Gyaɗi-Gyaɗi da kalmomi uku na yaren can: "kei" miƙe, "mau" tsuguna, "co" zauna. Kullum da safe sai ya tara 'yan majalisarmu yana koya musu motsa jiki irin na tsofaffin Chana, suna ta washe masa baki. Har matata ta ce, "Ka ga yadda tumbin Alhaji ya sace kuwa?"

Wannan magana ce ta kai ni. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata wajen kallon fim ɗin 'yan Chana, wani ne zai nuna mini tsuguno?

Washegari na fito cikin sabuwar shadda, na ce, "Alhaji, matsa. Ba haka ake yi ba."

Ya ce, "Bismillah, Malam."

Na daka tsawa, "Mau!" na tafi ƙasa gaba ɗaya. Wando ya ɓarke, gwiwa ta ce ƙas. Kowa ya miƙe, ni ina nan. Alhaji ya sunkuyo da wani tausayi da ya fi ciwon ƙona ni, ya ce, "Kei mana, Malam."

A baro aka kai ni wurin mai ɗori a Unguwa Uku, kuma Alhaji ne ya tura.

Har yau ko a wurin ɗaurin aure na ja kujera zan zauna, sai wani ya ɗaga murya daga baya: "A kawo baro, Malam zai mau!"