Wayar da Aka Murɗa Hagu

"To ya aikin, Bahago? Har yanzu iskar Allah kake sayar wa bayin Allah?"

"Aiki da godiya, Shugaba, ranki ya daɗe. Tsaya daga nan dai, kada ki taka min tiyo. Ban taɓa ganin abin da kika taka ya sake moruwa ba."

Mai Lemo ta ajiye baron da ta turo a bakin rumfar facin, ta goge zufa da gefen mayafi. Bahago ɗan gwaggonta ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya, don haka tun suna yawo ba takalmi babu wanda ya taɓa raga wa wani. Faci ne sana'arsa, amma ranar da ba aiki sai ya saɓa bindigar da ya gada wajen kakansu, ya yi wa karyarsa Kunne-ɗaya fito, su nausa daji. Ita kuwa lambun lemo gare ta, kewaye da waya, kuma bana masu lambuna suka naɗa ta shugabar ƙungiyarsu, abin da ya ba Bahago abin tsokana na shekara guda cur.

Yau ba wasa ne ya kawo ta ba. Watan jiya wasu mafarauta suka cinna wa ciyawar bayan lambunta wuta don su kori gafiya, wutar ta tsallako ta cinye mata bishiya goma sha ɗaya da suka soma 'ya'ya. Ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta miƙe a gaban taro ta kawo doka: duk maharbin da aka kama a cikin shingen wani, a karɓe bindigarsa a miƙa shi ga hukuma, karensa kuwa a kashe. Har da rantsuwa, wai ko ciki ɗaya suka fito. To ga shi kwana huɗu a jere tana tarar da sawun mutum da na kare a kusurwar lambun, wajen tsohon ɗakin injin da ta daina buɗewa. An yanke waya, an kuma mayar an ɗaure tsaf. Ta ciro guntun ɗaurin, yana cikin jakarta, kusa da ƙunshin gubar da ta saya a hanya saboda karen. Da ƙarfe huɗu akwai taro. Kafin nan tana so ta tabbatar da abin da zuciyarta ba ta so ya tabbata.

"Tayar baro ce ta sace," ta ce. "Duba min, in kana iyawa."

"Ina za ta ƙi sacewa? Na san hawa kike yi a tura ki zagayen lambu, kina ɗaga wa lemo hannu."

"Da na hau da kai zan sa ka tura. Ai bawana ne kai tun ran da aka haife ka."

"Bawa da rumfarsa, uwar gida da baro a rana!"

Ya kwance tayar, ya ba ta iska, ya tsoma a bahon ruwa yana juyawa. Mai Lemo ba tayar take kallo ba. Idonta na ƙarƙashin benci, inda buhun da Kunne-ɗaya take kwanciya a kai yake shimfiɗe, ba kowa a kansa. Kwanon ruwanta ma ya bushe har ƙura ta zauna a ciki.

"Ina amaryar taka yau? Ban ji an yi min gurnani ba."

"Wace?"

"Mata nawa gare ka masu kunne ɗaya?"

"Ta tafi ganin dangi."

"Kwana nawa?"

"Ke 'yar sanda ce? Karya ma sai ta cike takarda kafin ta fita?"

"Na ga dai wandonka duk ƙarangiya. A kan kwalta ka kwaso ta?"

"Ita ta biyo ni. Ni mutum ne mai farin jini, ba irinki ba da ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka."

Ya faɗa da dariya, amma ta ga ya sa hannu ya kaɗe ƙafar wandon. Tun suna yara haka yake, bakinsa ya iya musu, hannunsa bai iya ba.

"Ai kun kusa hutawa da ƙarangiya," ta ce. "Yau za mu ƙara wa dokar nan gishiri. Duk maharbin da muka kama, sai mun ɗaure shi a gindin bishiya sati guda yana korar tsuntsaye."

"Madalla. Ke kuma a ɗaure ki a bakin ƙofa, ko ɓarawo ba zai iya zuwa ba."

"Sannan a aske masa rabin gemu."

"Wanda ba shi da gemun fa?"

"A ara masa naka, ai ba amfaninsa kake ci ba."

"Ke Shugaba, tsakani da Allah, zomo ya san shinge? Takardar fili gare shi? Kin tashe shi a dajin kowa, ya kutsa gonar wani, sai ki tsaya ki yi sallama?"

"Zomo ba ya yawo da ashana. Zomo ba ya yawo da filaya."

"Wa ya ce maharbi na yawo da filaya?"

"Ni na ce filaya, ko ka ji na ce sunanka?"

Ya duƙufa kan tayar. Babu ƙwayar kumfa ko ɗaya da ta taso a ruwan. Ya ɗago ya dube ta ta wutsiyar ido.

"Tayar nan lafiyarta lau. Da hannu aka sace mata iska."

"Ka ji mugun zato! Ni zan sace iskar tayata?"

"Ke da kika taɓa ɓoye takalmin ango a tukunya, me ba za ki yi ba? Faɗi abin da ya kawo ki."

"Hannun baron ne ke girgiɗi. Tunda na zo, ɗaure min shi da waya."

Ya ja tsaki, ya jawo guntun waya daga kan ƙusa, ya naɗa a hannun baron. Mai Lemo ta zuba wa hannunsa ido, har ta yi fatan ya murɗa dama kamar kowa. Ina! Ya kama da filaya ya murɗa hagu, ɗaya, biyu, uku, sannan ya lanƙwasa bakin wayar ya cusa shi ciki. Haka kakansu ya koya masa, da ranƙwashi, wai wanda ya bar bakin waya a tsaye ya yanki mai wucewa ba ma'aikaci ba ne, mugu ne. Ta buɗe jaka, ta ciro nata guntun, ta ajiye a kan hannun baron kusa da sabon. Kamar tagwaye.

"Bahago, wannan fa?"

"Waya ce."

"Na san ba igiya ba ce. Wa ya ɗaura?"

"Bahagwai nawa ne a duniya? Ni kaɗai Allah ya yi wa baiwar?"

"Bahagon da zai yanke shingen mutane, ya shiga, ya fito, sannan ya tsaya ya gyara, har da lanƙwasa baki don kada ya yanki mai lambu? Wannan ɓarawon tarbiyya gare shi. Kakansa ya yi ƙoƙari."

"Wataƙila aljani ne."

"Aljani mai takalmin taya, ƙafar hagu ta fi cinyewa?"

"To aljanun yanzu ai sun waye."

Ranta ya soma ɓaci da gaske. Ba shigar ce ta fi ƙona mata rai ba, a'a, wai shi da ya zo ya taya ta kwashe tokar bishiyoyin nan, shi ne zai riƙa zagaya ta baya yana farauta a lambunta, ya kuma dubi idonta yana mata wasa. Ta gyara mayafi, ta yi murya kamar ba komai.

"Shi ke nan, tunda aljani ne. Ni dai na gama nawa. Da safen nan na barbaɗa guba a nama na ajiye a bakin tsohon ɗakin inji. Karen aljanin ya ci ya ƙoshi."

Filayar ta suɓuce ta faɗa cikin bahon ruwa. Bahago ya miƙe tsaye, fuskarsa ta canza yadda ba ta taɓa gani ba, ya shiga laluben makullin babur a aljihun da ba nan yake ba.

"Ƙarfe nawa? Yaya, ƙarfe nawa kika ajiye?"

Rabon da ya kira ta Yaya tun ranar da aka binne gwaggo.

"Ina ruwanka da karen aljani?"

"Shayarwa take yi! 'Ya'ya biyar gare ta a ɗakin nan, ko ido ba su buɗe ba!"

Mai Lemo ta nemi bakin benci ta zauna, a kan gam da komai.

"Zauna," ta ce. "Ban sa ba. Ga shi nan, ko buɗewa ban yi ba."

Ta ciro ƙunshin ta miƙa masa. Ya juya shi gaba da baya, ya duba bakin, ya ga a liƙe yake, sannan ya sulale ya zauna a kan tsohuwar taya. Da ya samu numfashi ya ba ta labari a gutsure. Karyar ta ɓace masa da tsohon ciki, ya yi kwana biyu yana nema, ashe ta bi ta ƙarƙashin shinge ta haihu a bayan injin da ya mutu. Ya kwaso 'ya'yan a kwali ya kawo gida, kafin gari ya waye ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya a baki. Shi ne yake kai mata abinci da ruwa kullum da sassafe. Bindiga kuwa ko taɓa ta bai yi ba, tana rataye a ɗaki.

"Da yau da yamma za ki sa?" ya tambaya.

"Da yau da yamma."

Su biyun suka zuba wa ƙunshin ido. Kunya da tsoro suka rufe ta, don ta san da bai faɗa ba da ta sa ɗin, kuma da ta kwana tana ganin ta yi daidai.

"Kai ma dai sakarai ne," ta ce. "Bakinka ciwo yake? Ba ka san ƙofar gidana ba?"

"In zo in ce me? Kin rantse gaban mutane ko ciki ɗaya kuka fito. Ni da ba ma ciki ɗaya ba? In na faɗa miki, ko ki kashe min karya, ko ki zama shugabar da ta karya dokarta saboda ɗan gwaggonta. Na ce bari su buɗe ido in kwashe kayana, ba wanda ya ji."

"Sai kuma ka sa hannu a shingen kamar mai cike takardar banki."

"To in bar shi a buɗe awaki su shiga? Ko in bar bakin waya ya yanke ki? Duk muninki ai jini gare ki."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Ta share da mayafi, ta harare shi.

"Kada ka ga na yi dariya, hukunci na nan. Rami goma sha ɗaya za ka haƙa min, ka dasa sabon lemo a gurbin waɗanda suka ƙone."

"Ni na ƙona?"

"'Yan uwanka ne. Kuma kowane maharbi da ka sani, ka gaya masa mai shinge yana da ƙofa, yana da suna."

"Taron fa? Me za ki ce musu?"

"Zan ce na kama shi, na ga ba farauta ta kawo shi ba. Zan kuma ce a cire kashe kare daga dokar nan, kare bai san waya ba, mai shi ya sani. In sun ga dama su sauke ni."

"Kai, kada su yi min haka! In suka sauke ki wa zan riƙa cewa ranki ya daɗe?"

Ta zaro ƙaramin makulli daga cikin tarin nata, ta jefa masa a cinya.

"Na ƙofar baya ne. Mai makulli ba a ce masa ya yi kutse. Ka shiga kamar mutum, ka fita kamar mutum. Kuma kwikwiyo ɗaya nawa ne, kuɗin hayar ɗaki."

"An ba ki. Akwai wata mai gajerun ƙafafu da faɗan tsiya, tun ba ta ga duniya ba take cizon 'yan uwanta. Ina ganinta na ce wannan ta Shugaba ce."

"Allah ya shirye ka, Bahago. Na yarda, ka ci yau."

Ya tsamo filayar daga ruwa, ya ɗauki guntun wayar nan da ta zo kai shi ƙara da ita, ya miƙar, ya zura makullin a ciki. Tana kallo ya murɗa hagu sau uku, ya lanƙwasa bakin ya cusa ciki, sannan ya rataya a wuya.