Bakanike da Fentin Ƙoda

Wani bakanike ne, irin wanda idan mota ta fara ƙara sai ya ƙure rediyo ya ce an gyara. Haka ya yi wa jikinsa. Baya na ciwo, yana watsa ƙwayoyin kashe zafi shida-shida kamar gyaɗa, har fitsari ya ɗauke masa kwana biyu cur.

A asibiti likita ya ce, "Ƙodarka ce ta tsaya farat ɗaya. Ga kwalbar awo, duk fitsarin da ya zo ka yi a ciki. In ta cika kafin Alhamis, ka tsira. In ba ta cika ba, sai injin wankin ƙoda. Kuma kada ka ci komai sai abin da muka ba ka."

Gogan naka ya dubi kwalbar. Shi da ya san irin aika-aikar da yake yi wa injin mutane, yau shi za a jona wa inji?

Da yamma sai ga ƙanin matarsa, wanda duk iliminsa na cikin waya. Ya ce, "Yaya, na karanta, akwai sinadari a cikin lemo da ke kare ƙoda daga lalacewa. Kamar fentin hana tsatsa."

"Fenti? To ai shafi ɗaya ba ya kamawa. Sayo buhu!"

Aka tura buhu ƙarƙashin gado. Ya sha ashirin a kwance ta dama, don na ƙodar dama. Ya juya hagu ya sha ashirin. Ciki ya yi tulele, ƙafa ta kumbura kamar tayar tirela, kwalba kuwa ko ɗigo.

Ranar Alhamis da safe ya dubi kwalba, ya dubi buhu. Mutumin da ya saba mayar da mitar mota baya, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ya matse lemo a kwalbar har sai da ta cika taf.

Likita ya ɗaga kwalbar wajen taga, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Nas, a shirya inji. Malam, shekarata ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin fitsari da 'ya'yan lemo suna iyo a ciki ba."

Bakanike ya ce, "Alhamdu lillahi! Ka gani ko, likita? Maganin ya isa wurin."