Ranar da Katangar Alhaji Sabo Ta Faɗi

Wallahi ranar har shayi na saya wa jama'a! Allah sarki, daminar tamanin da wani abu ce. Muna rumfar mai shayi a Ƙofar Kuyambana, ruwa ya ɗauke ke nan, sai aka ce katangar Alhaji Sabo ta faɗi.

Sabo maƙwabcina ne, tare muka yi firamare. Shi ya samu aikin gwamnati, ya yi mota, ya ƙara wa katangarsa tsawo. Ni kuwa duk arzikina keke ɗaya ne. Na gyara zama, na ce, "Ai dama na faɗa! Duk wannan tsawo na mene ne? Mai shayi, zuba wa kowa!"

Malam Iro tela ya kurɓi nasa a hankali, ya dube ni. "Wace katangar? Ba wadda ta raba gidanku da nasa ba ce?"

Ban tsaya neman takalmi ba. A jikinta nake jingine kekena kullum. Sabo da kansa ya taya ni tono, ƙararrawa kaɗai muka samu da rai.

Har yau, da hadari ya haɗo, sai in ji an ce mini, "Malam, a ɗora ruwan shayi ne?"