Motar da Ta Ga Bango a Fili

"Ka tashi lafiya, ko har yanzu zaman makokin ake yi?"

"Lafiya lau. Ke a zamaninku ba a koya muku ƙwanƙwasa ƙofa ba ne?"

"A zamaninmu miji ba ya kulle kansa a ɗaki kwana uku yana tsami."

Kakarmu ke nan da ƙanena, wanda kowa a gidan ke kira Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon babanmu ya kasa mayarwa. Ni ina baranda ina guga, kunnena kuwa yana ɗakin. Shekara biyu ya yi yana haɗa wata 'yar mota mai tuƙa kanta, girmanta kamar akwatin tafiya, don ɗaukar kwalaye a sito. A samanta akwai wani abu kamar kofin da aka kife, shi ne idonta: yana juyawa yana harba haske, hasken ya bugi abu ya dawo, ta auna nisansa ta kauce masa. Ranar Litinin ya kai ta gwaji gaban manajan wani babban sito. Da ya dawo sai ya tura ta ƙarƙashin tebur, ya lulluɓe ta da tsohon zanin gado, bai gaya wa kowa abin da ya faru ba. Abin da na sani kawai shi ne an ba shi dama ta ƙarshe gobe Juma'a, ya kuma ce ko ɗaure shi aka yi ba zai je ba.

"Ina akwatin naka mai taya?" in ji Kaka.

"Ta mutu."

"Allah ya jiƙanta. Shi ne ba ka kira mu gaisuwa ba?"

"Na ga kin gaji da zuwa ta sa'o'inki, na ce a bar ki ki huta."

"Ni likita uku na binne waɗanda suka ce ba zan kai baɗi ba. Kai ma sai na ga 'ya'yanka, in an samu mai ciwon idon da za ta aure ka."

"Ai ga ki nan, kin riga kowa shiga layi."

"Allah ya kiyaye. Mijin da ko akwati bai iya bai wa umarni ba? Matsa in zauna, ka faɗa mini yadda ka zubar mana da mutunci."

Na ji gadon ya yi ƙara. Na ɗauka zai kore ta, sai na ji ya fara ba ta labari.

"Fili ne fetal, Kaka, babu ko tsinke a gabanta. Ina kunna ta sai ta tsaya tana juyi wuri ɗaya tana kuka. Na duba allo, tana nuna mini wai bango ya kewaye ta ta ko'ina, dab da hancinta."

"Ta gado ka. Kai ma haka kake in an ce ka je kasuwa."

"Mutum ashirin suna kallona. Wani ya ce a ba ta ruwa, wataƙila tafiyar ce ta gajiyar da ita."

"Wannan ya yi hankali. Yana da mata?"

"Ki bari in gama. Sai na rikice, na yi abin da ko ɗalibi ba zai yi ba. Na ba ta umarni cewa duk abin da ta gani kusa da ita ƙarya ne, ta yi watsi da shi."

"Sai ta tafi?"

"Ta tafi kuwa. Kai tsaye ta daki teburin shayi, teburin ya daki manaja."

"Ya ƙone?"

"Wandonsa dai ya sha. Amma da ƙafar mutum ce a wurin fa? Ni da hannuna na rufe mata ido don kada a yi mini dariya. Kwana uku ina bin lissafina layi-layi, ban ga inda na yi kuskure ba. Da wace fuska zan koma in ce musu ban san abin da ya same ta ba?"

A nan na jira Kaka ta ɗora masa wata baƙar, don ba ta taɓa barin irin wannan dama ta wuce ta ba. Amma ta bar ta ta wuce. Sai na tuna ita ma tun Litinin ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin da bai taɓa faruwa ba tunda na yi wayo.

"Wannan kofin da ke kanta," ta ce da wata murya ƙasa-ƙasa, "wanke shi ake yi?"

"Ba a taɓa shi sai da ƙyalle na musamman."

"Ko da mutum ya ga ya dushe, ya yi wani iri?"

"Wane mutum?"

"Mutum dai. Duniya ai cike take da mutane."

"Kaka."

"Kada ka kalle ni haka. Ni me ya haɗa ni da akwatinka? Ni da na gyara injin jirgi tun uwarka tana rarrafe."

"Wane jirgin?"

"Ya nutse, ba za ka san shi ba."

Na ajiye dutsen guga na leƙa. Injiniya ya jawo motar, ya yaye zanin, ya shafa kofin da yatsa ya kai hancinsa. Kaka kuwa ta tsura wa silin ido kamar yau ta fara ganinsa.

"Man zafi," ya ce.

"Ɗakin nan kowa na shiga."

"Gwiwa nawa ke ciwo a gidan nan?"

"Biyu. Amma ba su da hannu."

"Na ji warin nan a wurin gwajin, na ɗauka rigata ce. Gidan da har burodi warin gwiwarki yake yi, ina zan gane?"

Kakarmu mace ce da ba ta iya ganin abu ya dushe ta wuce. Marfin tukunya, hannun ƙofa, takalmin baƙo, duk sai sun yi sheƙi kafin ta samu natsuwa. Amma ban taɓa ganin ta sunkuyar da kai gaban ɗan da ta yi wa wankan jariri ba sai ranar. Ni kaina kunya ta kama ni, kamar na shigo mata tana canza kaya.

"Kana banɗaki ne da safiyar Litinin ɗin," ta ce. "Na ga za ka kai ta gaban manya ido duk ya yi hazo, a ce ba ka da kowa a gida. Na nemi man shafawa ban gani ba, na ce ai wannan ma yana sa sheƙi. Har addu'a na yi mata."

"Ta karɓu kuwa. Hasken ko fita bai yi ba, yana bugun man yana komowa. Bangon da ta gani ke kika gina shi."

"To ai ka ga ban taɓa gini ya rushe ba."

Ta faɗa ne don a yi dariya, amma muryarta ta ƙi ba ta haɗin kai.

"Kwana uku kina kallona ina cin kaina?"

"Kwana uku ina zuwa bakin ƙofar nan ina komawa. Tambayi mai guga, ta gan ni. Ban tabbata ba, kuma ina tsoron in tabbata." Ta miƙe da kyar. "Gobe ni zan je. Ka nuna mini manajan, in gaya masa gaban mutum ashirin ɗin nan cewa jikana bai yi kuskure ba, tsohuwa ce ta sa hannu inda ba a aike ta ba."

"Ki je ki goge masa sanƙo da man zafi, a kore mu gaba ɗaya? Zauna."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. Manki ya dushe mata ido, amma ni na ce ta yi gudu a haka. Kuma da na iya aikina, da na koya mata in ta ga bango ta ko'ina lokaci ɗaya ta tsaya ta ce idona ya yi datti, a duba ni. Wannan ba laifin gwiwarki ba ne."

Ya ɗauko ƙyalle da wata 'yar kwalba, ya goge kofin a hankali, ya mayar da umarnin yadda yake a da. Kafin ya ɗago, Kaka ta fito baranda ta tsaya a tsakiya, ta ware hannuwa.

"Turo ta."

"Matsa, in sa kujera."

"Kujera ce ta yi ɓarnar? Turo ta, na ce. In ta buge ni mun yi daidai."

"In ta buge ki ita za ta lotsa."

Ya kunna ta. Motar ta taho sumul. Kaka ta runtse ido. Saura taku ɗaya ta kai ƙafarta sai ta rage gudu, ta karkata dama, ta zagaye ta, ta wuce ta tsaya gaban kwandon wanki.

"Ta wuce?" in ji Kaka, ido a rufe.

"Ta wuce."

"Ka ga ladabi. Ta fi ka tarbiyya nesa ba kusa ba." Ta buɗe ido. "Gobe za ka je?"

"Zan je."

Sai ta sauke hannuwanta, ta dube shi sosai, babu wasa a fuskarta.

"Ka yafe mini."

Na ga abin ya dake shi. Da ya ce na yafe, da ya mayar da ita mai laifi a gabansa har abada, kuma duka mun san haka. Ya sosa ƙeya, ya juya baya kamar yana duba taya.

"Sai an hukunta ki."

"Faɗi hukuncin."

"Sau hamsin nake so in gwada ta kafin gobe, kuma ba ni da abin da ya kai ki kama da karkataccen ginshiƙi. Koma ki tsaya."

Dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa bango. Ta share ido da bakin mayafinta, ta ja ƙafa ta koma tsakiyar baranda, ta sake ware hannuwa.

"Turo ta, mara kunya. Saura arba'in da tara."