Teburin da Ya Zama Gidan Dara

Wani ne a Soron Ɗinki, masassaƙi irinmu, masu danne katako da ƙafa. Kun san halinmu, gara mu ɓata aiki da a ji mun yi tambaya.

Surukinsa Baba Kyari ya sa shi ya yi masa ƙyaure, don akuyar tsohon kullum sai ta fice ta shiga gidan mutane. Ya tafi Ƙofar Ruwa neman katako, ya tarar da Mailafiya kafinta, wanda ya koyo aiki a Reluwe, yana kankare katako a kan tebur. Teburin da 'yan ramuka, an cusa turaku biyu na itace sun tokare katakon gaba da baya. Ko motsi ba ya yi.

Mailafiya ya ce, "Zo in nuna maka yadda ake yi."

"Haba, ai tun ina yaro na san wannan."

Ya dawo gida ya haɗa tebur. Ya ce a ransa, in ramuka kaɗan sun riƙe katako, masu yawa ai sai su riƙe kuka da saiwarta. Ya gasa ƙarfe ya yi ta huda, layi bayan layi. Ya sassaƙa turaku cike da ƙwarya, ya ajiye komai a inuwar ƙofar gida. Sai ya tuna ashe bai sayo katakon ƙyauren ba.

Da ya dawo da shi a ka, ya tarar da Baba Kyari da abokinsa Malam Isyaku sun sa teburin a tsakiya. Ɗaya na kafa turaku, ɗaya na zuba ƙwallon dabino. Dara ta kankama.

Baba Kyari ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka hutar da mu tsugunno."

Wa zai tashi surukinsa? Ya durƙusa ya ce, "Amin, Baba."

Washegari ya lallaɓo zai zare turke biyu kacal. Malam Isyaku ya buge masa hannu.

"Kai, in ba ka iya ba, tsaya ka yi kallo."

Ya tsaya. Har aka aike shi ya ƙaro turaku, wai wasu sun ɓace.

Ana nan, ran nan akuyar ta fice ta cinye wa maƙwabciya Luba shanyar gero. Luba ta zo har bakin tebur ta zazzage musu faɗa. Baba Kyari ya juyo kan surukin nasa.

"Wai ina ƙyauren nan? Kullum kana tsaye a kanmu kamar mai jiran gawa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, jira nake ka ci wasa ɗaya ku tashi, in sami teburin."

Baba Kyari ya dubi ramukan, ya dubi Malam Isyaku, ya ce, "To je ka sayar da akuyar. Tun muna samari ban taɓa cin mutumin nan a dara ba."