Sanƙon Lambun Na-Landan

Duk wanda bai ga Mista Gudaji ba a shekarar da ya dawo daga Ingila, wallahi an yi babu shi. Mako uku cur ya yi a can yana kwas. Ya dawo Maigatari da lema, da kwat mai maɓalli shida, da wani ɗan tari na musamman da yake yi kafin ya buɗe baki. Hausar ma sai da ya ɗan sake koyonta. Mutanen gari, da yake masu kara ne, suka laƙaba masa Na-Landan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa sarauta ce.

Tsarabar da ya yo wa al'umma kuwa irin ciyawa ce cikin gwangwani. Ƙwarai kuwa, ciyawa! A garin da kowa ke wuni da fartanya yana yaƙi da ita.

"Ku ba za ku gane ba," in ji shi, bayan tarin nan nasa. "A ƙasashen da aka waye, mutum ba ya cika mutum sai ƙofar gidansa ta yi kore shar, an aske ta daidai wa daida."

Ya kewaye ƙofar gidan da ya gada da waya, ya ɗauki wani tsohon manomi, Malam Ilu, ya naɗa shi mai lambu. 'Yan ga-ruwa suka yi ta jido. Abin mamaki, ciyawa ta fito, ta yi luf kamar darduma. Sai wuri guda, tsakiyar tsakiya, faɗin tabarma biyu, ya ce Allah ya kashe shi ba zai tsiro ba. Fari fat, yana ƙyalli kamar sanƙo.

Nan hankalin Na-Landan ya tashi, don akwai dalili. Babban jami'in ma'aikatar gwamnatin da yake wa aiki, Alhaji Barau na hedikwatar Kano, zai zo ran Asabar, kuma a bakinsa ake jiran jin wanda za a mayar hedikwata: ko Gudaji, ko Sabo abokin aikinsa, wanda ko filin jirgi bai taɓa gani ba. Gudaji kuwa ya riga ya cika wa Alhaji kunne cewa gidansu tun kaka da kakanni gidan lambu ne, har Di'o, Baturen mulki, kan zo shan shayi a kan ciyawar mahaifinsa. Ya faɗi maganar sau da yawa har shi ma ya soma tuna ranar.

Sai bincike ya kankama. Da farko ya gano ciyawar kewar sanyin ƙasarsu take yi, ya sadaukar da lemarsa ya kafa mata. Shiru. Ya gano ba a shayar da ita a kan ƙa'ida, ya kafa dokar ban ruwa ƙarfe huɗu daidai, shi yana tsaye yana duban agogo. Shiru. Aka kawo taki daga Gagarawa, aka sake zuba iri har sau uku. Ko ƙyas!

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Ilu, "ai wurin nan tun da can..."

"Malam Ilu, ka taɓa shiga jirgin sama?"

"A'a."

"To yi ban ruwa."

Abin da ya fi ɗaure masa kai awaki ne. Su tsallake waya, su ratsa ciyawa ɗanya sharaf ko sunsunawa ba sa yi, su zarce wurin sanƙon su duƙufa suna lasa kamar an zuba musu zuma. Mai ilimi ba ya rasa amsa. Sabo ne! Shi ya koya wa awakin gari maƙarƙashiya. Wani abu ya ɗan motsa a can ƙasan zuciyar Gudaji, kamar ya san ƙanshin ƙasar nan, amma ya yi tari ya kore shi.

Ran Asabar ya shimfiɗa darduma a kan sanƙon, ya ɗora tebur, ya jera kofunan tangaran. Alhaji Barau ya iso ta hanyar Gumel bayan la'asar, ya zauna, ya yaba. Na-Landan ya ji kansa ya yi girma, daɗi kamar ya tashi sama. Ya miƙe, ya soka babban yatsa a aljihun kwat.

"Ranka ya daɗe, a daidai nan inda kake zaune marigayi yakan karɓi manyan baƙi. Furanni ta ko'ina. Ciyawa a jininmu take."

Bai rufe baki ba tebur ya motsa. Ya sake motsawa. Kofuna suka yi ƙara, shayi ya tuntsire, sai ga jar akuya ta ture darduma da ka tana lasar ƙasa, idonta a lumshe don daɗi. Alhaji, da yake mai kiwon raguna ne, ya sunkuya ya dangwali ƙasar ya kai harshe.

"Af! Ai kanwa ce."

"To da mece ce?" Goggo Larai ce, ƙanwar uban Gudaji, ta biyo akuyarta da igiya a hannu. Ta rusuna ta gaida baƙo. "Nan Yaya Sajo yake sauke jakunansa in ya dawo daga Damagaram. Shekara talatin ana jibge kanwa a wurin, ina ciyawa za ta fito? Shi wannan da kake gani, shi ke bin jaki da ƙwarya yana 'a sayi kanwa!' Murya gare shi, har bakin kasuwa ana ji."

Malam Ilu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Gudaji ya nemi tarin nan nasa, ya ƙi zuwa. Kunya ta rufe shi, gumi ya jiƙa kwat har maɓalli na shida.

"Sajo Mai Kanwa?" Alhaji ya ajiye kofi. "Allahu akbar! A wurinsa mahaifina yake sayen kanwar dawakinsa. Bai taɓa gauraya ta da ƙasa ba. Malam Gudaji, da ka ce mini kai ɗansa ne, da tun a Kano na sa hannu. Amma mutumin da zai sake wa ubansa sana'a, ina tsoron abin da zai yi wa takardun gwamnati."

Sabo aka mayar Kano.

Kafin Alhaji ya shiga mota sai ya roƙi a ɗebar masa rabin buhu na ƙasar, saboda ragunansa. Malam Ilu ya cika, amma bakin buhun ya ƙi ɗauruwa. Na-Landan bai san lokacin da ya durƙusa da kwat ɗinsa ba. Ya murɗe, ya zarge, ya ja igiya sau ɗaya, tamau.

"Ka ga ɗaurin Yaya Sajo!" in ji Goggo Larai. "Wannan kam ba a Landan ya koyo ba."